Shekarar da Kogi Ya Ci Yaya

Mutane kan tambaye ni dalilin da ya sa littattafaina ba sa ƙarewa da daɗi. Wata mata ta taɓa tare ni a wurin biki ta ce, “Hajiya, ke kam me mutane suka yi miki? Duk wanda muka fara so a littafinki sai kin kashe shi.” Na yi dariya na ba ta haƙuri. Amsar doguwa ce, kuma ba ta wurin biki ba ce.

A Makera na tashi, a Kaduna, cikin wani gidan haya mai ɗakuna jere biyu suna kallon juna, da famfo ɗaya a tsakar gida. Mu huɗu ne: Baba, Inna, Yaya da ni. Inna ta haifi wasu tsakanina da Yaya, ba su zauna ba. Baba tun yana saurayi ya baro ƙauyensu a ƙasar Katsina, ya samu rumfa a kasuwar Kakuri yana sayar da guntayen yadi da atamfa. A lokacin da nake ba da labari, tsakiyar shekarun 1980, ina sakandare, Yaya kuma yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ɓangaren rini.

Duk unguwar da jiniyar masaƙa take kwana take tashi. Da ta yi kuka sai ka ga titi ya cika da kekuna, masu shiga da masu fita. Yaya yakan dawo da hannuwansa shuɗi har wuyan hannu, wani lokacin kore, kuma babu sabulun da ke fitar da shi duka. Inna ta yi faɗa ta gaji kan ya riƙa cin tuwo da cokali. Shi kuwa sai ya ce ai miyar kuka ma rini ce, ba su san bambanci ba. Mutum ne mai ban dariya. Ba wanda bai iya kwaikwayon muryarsa ba: mai gidan hayarmu, kwandastan bas, ladanin unguwa, har Baba in ba ya nan.

Ɗakin da ke kallon namu na wata mata ce ’yar Kagoro, Kirista, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, tana suyar ƙosai da doya a ƙofar gida. Mama muke ce mata duk gidan. Ita ke yi wa Inna kitso, Inna kuma ta kama mata tsintar wake in ciniki ya yi yawa. Mace ce mai faɗin magana yadda take. In ka yi mummunan ɗinki ka tambaye ta, za ta ce maka mummuna ne.

Rubutu kuwa da wasa na fara shi. A ajinmu ’yan mata ba su da abin da suke so irin labarin soyayya, littattafan kuma ba su wadata ba. Wata rana malami bai zo ba, na yagi tsakiyar littafin lissafina na rubuta labarin wata yarinya da wani ɗan makarantar horon soja. Kafin a tashi ya zagaya aji. Washegari suka ce sai na ci gaba. Daga nan na zama marubuciyar aji. Labaraina duk hanyarsu ɗaya: a haɗu, a rabu, a yi kuka kaɗan, a yi aure, a tafi Jos shan iska.

Yaya ya gano. Ya ɗauki ɗaya ya tsaya a tsakar gida yana karantawa da muryar mace, yana dafe ƙirji yana lumshe ido, Mama tana dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ina bin sa ina kuka ina ƙoƙarin ƙwacewa. Amma bayan kwana biyu sai ga shi da damin takardun da aka gama amfani da su a ofishin masaƙa, bayansu fari tas. Ya ajiye mini a kan tabarma.

“Auta, kin iya,” in ji shi. “Wallahi kin iya. Sai dai mutanen nan naki ba sa jin yunwa. Ba mai tari, ba mai zuwa bayan gida. Wace unguwa suke? In koma can.”

Na ce ya rabu da ni. Amma takardun na riƙe su da kyau.

A shekarar ne aka sa masa rana da wata yarinya a Tudun Wada. Daga can zuwa wajenmu, in mutum ya bi bas, sai ya zagaya ta gada, tafiyar ta yi tsawo. Akwai kuma yanke: a gangara bakin kogi a shiga kwalekwale a tsallako ta wajen Nasarawa, a tako gida. Da rani ba komai ba ne. Da damina Inna ta hana shi, ya kuma ce ya ji.

Wata Lahadi ce cikin Agusta. An kwana ana ruwa, da hantsi ya ɗauke. Yaya ya sa farin kaftani ya ce zai je gaida surukai, ya tambaye ni ko ina da saƙo wurin amarya. Na ce ya gaya mata ta yi tunani tun da sauran lokaci. Ya ɗaga mini shuɗin hannunsa kamar zai kai mini duka, ya fita yana dariya.

Da la’asar labari ya shigo unguwa cewa kwalekwale ya kife da mutane. Inna ta yi salati ta ce Allah ya jiƙan na ciki, ta ci gaba da tankaɗe. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Da bai dawo ba muka ce ko ruwan yamma ne ya tsare shi a wurin abokai. Sai da jiniyar safe ta yi kuka, kayan aikinsa na rataye a ƙusa, sannan Baba ya sa hula ya nufi Tudun Wada. Can suka ce ai tun bayan azahar ya yi musu sallama. Ta wace hanya ya bi? Ba wanda ya sani.

Baba da abokan aikin Yaya suka yi ta bin gaɓar kogi. Masunta sun tsamo gawarwakin wasu, an kai su asibiti, Baba ya je ya buɗe fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Babu Yaya. Mai kwalekwalen ma ruwa ya ci shi, balle a tambaye shi wa da wa ya ɗauka. Aka kai rahoto wurin ’yan sanda, aka kai cigiya gidan rediyo. Na ji da kunnena ana karanta kamannin yayana tsakanin sanarwar ɗaurin aure da ta ɓatan akuya: dogo, baƙi, mai wushirya, hannuwansa da rini.

Babu gawa, babu kabari, don haka babu ta’aziyya. Abin da ya cika mana ɗaki shi ne labarai.

Wani direba ya ce ya ga mai kama da shi a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Wata ’yar uwar Baba ta zo ta ce an ga wani a Minna yana wanke mota, ba ya magana da kowa. Wani malami ya duba ya ce yaron yana raye, kurciya aka yi masa saboda yarinyar nan, shi ya sa ya bi duniya, amma zai dawo da ƙafarsa. Kowa ya zo da nasa, ya zauna a kan tabarma, ya sha ruwa, ya ba da labarinsa da fuskar tausayi, ya ce in sha Allahu, ya tashi ya tafi gidansa.

Inna kuwa ba ta bar ko ɗaya ya faɗi ƙasa ba. Matar da ba ta taɓa wuce Zariya ba, sai ga shi ta je Kafanchan, ta je Minna, ta je har Bida. Takan dawo ƙafafu a kumbure, ta zauna a bakin ƙofa ta ce, “Ba shi ba ne. Amma sun ce akwai wani a gaba.” Ta rame har zanenta yana zagaya ta kusan sau biyu. Kayan aikinsa takan wanke su ta goge ta mayar ƙusa. Wata tsohuwa ta shigo gaisuwa, bakinta ya suɓuce ta ce Allah ya jiƙansa. Inna ta miƙe ta nuna mata ƙofa. Ban taɓa ganin Inna ta kori mutum ba sai ranar.

A makaranta ’yan ajinmu suka yi mini jaje, bayan ’yan makonni suka fara tambayar ci gaban labarin da na bari a tsakiya. Na tsaya ne a inda saurayin ya yi haɗarin mota, kowa ya kuma san zai farfaɗo a asibiti ya tarar da ita a gefen gado. Na zauna zan rubuta, hannuna ya ƙi. Da na ɗora biro sai in ga fuskar direban nan, da ta malamin nan, in ji irin muryar da suke yi wa Inna. Na ga sana’armu ɗaya da su. Na ce wa ’yan aji na daina.

Damina ta wuce, aka yi kaka, aka shiga rani. Kogin ya janye har yara na wasa a kan duwatsun tsakiyarsa.

Wata Asabar Mama ta kira ni bayan ta sauke kasko. Ta ce in sa mayafi in raka ta Trikania. A hanya take gaya mini cewa a taron matan cocinsu ta ji labarin wata mata da ta fita da rai daga kwalekwalen nan, ta daɗe tana jinya, sai yanzu ta fara shiga mutane.

“Ban gaya wa uwarki ba,” in ji Mama. “Ke na ga kina da ƙarfin ji. In ba ki so, mu koma.”

Na ce mu je.

Matar mai sayar da tumatir da alayyafo ce, ba ta wuce sa’ar Yaya da yawa ba. Muka same ta a ƙofar ɗakinta tana zaune kawai, ba ta aikin komai. Mama ta yi mata magana da yarensu, sannan ta juya Hausa saboda ni. Matar ta dube ni ta daɗe.

“Mai farin kaya,” ta ce. “Hannunsa shuɗi. Shi ya karɓar mini kwando da zan shiga. Na ce masa kada ya ɓata mini tumatir da wannan hannu, ya ce ai shuɗin tumatir ya fi tsada.”

Na zauna a ƙasa.

Ta ce jirgin ya cika, ruwa yana kusa da baki. Mai tuƙi tsoho ne mai faɗa, yana ta yi wa mutane tsawa su zauna daidai. Saurayin nan sai ya shiga kwaikwayon muryarsa, duk jirgin ana dariya, har shi tsohon. Suna tsakiyar ruwa wani ƙaton icce da ambaliya ta tumɓuko ya taho ta gefe. Ta ce ba a yi wani ihu mai yawa ba. Tana tare da ’yarta, yarinya ƙarama da ta fara wayo.

“Na ga ya miƙa hannu wajen yarinyata. Daga nan ban ƙara ganin kowa ba. Ni reshe na kama.”

Mama ta tambaye ta yarinyar fa. Ta ce an same ta bayan kwana biyu. “Ni dai na binne tawa,” ta ce, ta sake dubana. “Ku yi haƙuri.”

Da yamma Mama ta tare Baba a ƙofar gida kafin ya shiga, ina tsaye. Ta gaya masa duka, ba ta rage komai ba. Baba ya saurara yana kallon ƙasa. Da ta gama ya ce, “Masu rini a Kakuri ba su ƙirguwa. Kowa hannunsa shuɗi ne.”

“Malam,” in ji Mama, “har da dariyar fa. Kai ma ka san ɗanka.”

“Na gode, Maman yara. Amma kada uwarsa ta ji wannan. Abin da take riƙe da shi ke nan, in kuka ƙwace mata faɗuwa za ta yi.” Ya juyo gare ni. “Kin ji ko?”

Na ce na ji.

Haka na yi ta yawo da maganar a cikina. Ina kallon Inna tana shirin wata tafiyar, wai an ga wani a Funtuwa. In na rufe ido sai in ga jirgin, amma kullum a wuri ɗaya hoton yake tsayawa: hannu a miƙe, shi ke nan. Ba ya gaba, ba ya baya. Ba na iya karatu, ba na iya cin abinci sosai.

Wata rana na dawo daga makaranta, gidan shiru, na ɗauko ragowar takardun da ya kawo mini na zauna a inuwar katanga. Ba labari na yi niyyar rubutawa ba. So nake kawai hoton nan ya motsa. Na fara daga inda ya yi sallama da surukansa. Na sa shi ya tsaya a bakin titi yana duban bas ɗin da ya cika, ya dubi sama ya ga hadari, ya ce bari ya yanke kafin ruwa ya sauko, Inna ba za ta sani ba. Na gangara da shi bakin kogi, taɓo yana kama masa takalmi, yana tattare kaftani. Na sa shi ya karɓi kwandon tumatir.

Da na zo wurin ruwan sai na ga duk kalmomin da na saba da su ba su da amfani. Babu zuciya mai bugawa kamar ganga, babu hawaye masu zuba kamar ruwan sama. Na soke su duka. Abin da ya rage gajerun jimloli ne. Ruwan da sanyi. Kaftanin ya yi nauyi. Ya kama rigar yarinyar, ta zame. Ya ɗago ya ga gaɓa, ba ta da nisa, akwai wata akuya tana kiwo. Ya sake nutsewa. Ban kawo masunci ba, ban kawo reshe ba. Na bi shi har inda numfashi ya ƙare, ban tsaya nan ba, na bi gawar ruwa yana tafiya da ita, ta wuce bayan gari, ta wuce gonaki, har ta maƙale a saiwar wata bishiya inda babu kowa. Ruwa ya janye. Yashi ya rufe shi.

Na yi kwanaki ina yi, ina gyarawa, a nan tsakar gida, ban ɓoye wa kowa ba, don an saba ganina da takarda. Wata ranar da hantsi, ba makaranta, Inna tana tsintar shinkafa a faifai kusa da ni.

“Auta, me kike ta rubutawa kina share hanci?”

“Labari ne, Inna.”

“Da can in kina rubutu murmushi kike yi. Karanta mini in ji.”

Inna ba ta yi boko ba, da na ga dama da na karanta mata wani abu dabam. Na dubi takardar, na dube ta, na ga yadda wuyanta ya zama. Sai kawai na fara daga farko. Ban sa suna ba a labarin, amma tun daga farin kaftani hannunta ya tsaya a cikin faifan. Ba ta ce in daina ba. Na karanta tumatir, na karanta tsohon mai tuƙi. Da na zo inda na rubuta cewa a cikin ruwan ya buɗe baki ya kira Inna, sai ta ɗaga hannu.

“A’a,” ta ce. “Ba ni zai kira ba. Shi tun yana ƙarami in ya tsorata salati yake yi. Ko kare ne ya biyo shi. Gyara.”

Na soke na gyara.

“Ci gaba.”

Na karanta har yashi ya rufe shi. Kaji suka zo suna cin shinkafar a faifai, ba ta kore su ba. Can ta ce, “Wa ya gaya miki?” Na faɗa mata. Ta ɗaga murya ta kira Mama. Mama ta fito hannunta da ƙullun wake, ta dube mu, ta gane. Ta zo ta durƙusa ta riƙe Inna.

“Gaskiya ne?” in ji Inna.

“Gaskiya ne, ’yar’uwa.”

Inna ta ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un. Allah ya jiƙanka, ɗana.” Sannan ta yi kukan da ta riƙe tun Agusta. Matan gidan suka fito, na maƙwabta suka shigo. Kafin azahar ɗakinmu ya zama gidan makoki.

A haka Baba ya dawo daga kasuwa ya same mu. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi matan, ya dubi takardun da ke cinyata. Bai ɗaga murya ba. Ya kira ni waje.

“Ke kin gan shi a ruwan?”

“A’a, Baba.”

“Kin ga gawarsa?”

“A’a.”

“To a takarda kika kashe shi.”

Bai hana a yi sadaka ba. Liman ya zo, abokan aikin Yaya suka cika ƙofar gida, aka yi addu’a, aka raba waina. Baba ya zauna cikin maza, amma duk wanda ya ce masa ya haƙuri sai ya dube shi kawai. Inna kuwa ba ta faɗi ba. Ta yi makokinta, ta sauke kayan aikin daga ƙusa ta bayar, ta fara cin abinci. Ita da kanta ta je Tudun Wada ta gaya wa iyayen yarinyar su sallame ta ta yi aurenta, kada a tsare ’yar mutane. A hankali ta koma zama da Mama a bakin kasko.

Baba ne ya ci gaba da nema. Sai a lokacin na gane ba Inna yake karewa ba ranar da ya hana mu faɗa. Ya sake kai cigiya rediyo. Yakan rufe rumfa da wuri ya je ya tsaya a ƙofar masaƙa lokacin da ake tashi, yana duba fuskokin masu kekuna har su ƙare. Duk direban da ya zo daga nesa sai ya tambaye shi. Tsakanina da shi kuwa gaisuwa ce kawai. Bai taɓa zagina ba, bai fasa biya mini buƙatun makaranta ba, amma ya daina kirana Auta. Sai ya ce “ke”.

Na koma rubutu, don na rasa inda zan sa kaina. Labarin farko da na kai aji bayan nan na wata mata ce da mijinta ya fita sayen maganin tari bai dawo ba. ’Yan aji suka karanta suka yi ca a kaina. Wata ta jefo mini takardun ta ce ba ta ƙara karanta abina, na hana ta cin abincin rana. Washegari ita ce ta fara tambaya ko akwai wani. Malaminmu na Hausa ya ƙwace ɗaya a hannun wata yarinya ana cikin darasi, ya tafi da shi, bayan kwana biyu ya kira ni ofis.

“Ke kika rubuta wannan?”

“Ni ce, Malam.”

“Yarinya kamarki, ina kika san irin waɗannan abubuwa?” Ya juya takardun ya ce, “Ba zan ce miki yana da daɗi ba. Amma ban iya ajiye shi ba sai da na gama. Ki gyara rubutun ƙa’ida, kina haɗe kalmomi.”

Tun daga lokacin salon ya zauna mini. Ban zaɓe shi don in burge kowa ba. Abin da na lura shi ne, yawancin labarai suna tashi tare da ’yan gaisuwa: an yi addu’a, an shafa, kowa ya sa takalmi. Ni kuwa na san abin da ke faruwa a ɗakin bayan sun tafi, nan nake zama in rubuta. Kuma duk lokacin da na ji hannuna yana jawo wani masunci ya zo ya ceci mutum, sai in tambayi kaina ko da gaske yana wurin.

Wajen ƙarshen shekarun nan, na gama sakandare ina koyarwa a wata firamare a Barnawa, Baba ya faɗi a rumfa. Ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ta yi nauyi. Muka kwantar da shi a gida, ni da Inna muna juya shi. Jinyar ta sa dole ya saba da hannuna. Wata safiya ina shafa masa man zafi a ƙafa, ya yi magana ban ji ba, na matsa kusa.

“Har yanzu kina rubutun?”

“Ina yi, Baba.”

“Rubuta mini wani.” Ya huta. “Wanda ya fita daga ruwan. Ta wancan gefen.”

Na ce to.

Na ba labarin duk ƙarfina. Na yi makonni a kansa. Na sa ruwa ya jefar da Yaya a wani tsibirin yashi, wasu makiyaya suka tsince shi, ya bugu a kai ya manta sunansa, ya zauna da su shekaru yana kiwo. Na sa wata rana a kasuwar ƙauye ya ga guntun atamfa irin wadda Baba ke sayarwa, komai ya dawo masa. Na kawo shi Makera da yamma, ya tsaya a ƙofar gida yana kwaikwayon sallamar mai gidan haya don ya tsokane mu. Ban taɓa wahala a kan rubutu irin wannan ba. Na gyara shi ya fi a ƙirga, ina kuka ina yi, don ni ma ina so.

Ranar da na gama, na jingina Baba da matashi, na zauna a gefen katifa na karanta masa. Inna ta fita tsakar gida ta ba mu wuri. Ya rufe ido yana saurare, bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na kai ƙarshe na ajiye takardun ina jira.

Sannan ya buɗe ido.

“Allah ya yi miki albarka, Auta,” ya ce. “Kin yi ƙoƙari.” Ya haɗiye yawu da ƙyar. “Wancan da kika karanta wa uwarki, ta ce har sanyin ruwan sai da ta ji a jikinta. Ni ban ji komai ba.”

Na ce ko in sake gyarawa. Ya girgiza kai. Bai ce in kawo masa wancan ɗin ba, ni ma ban yi tayi ba. Inna ta shigo da koko, na riƙe masa kofin, ya sha kaɗan ya kau da kai.

Ya rasu kafin ruwan farko na shekarar ya sauka. Littafina na farko sai bayan wasu shekaru ya fito, lokacin na yi aure mun bar Makera. Inna ta sa na karanta mata shi duka, a zama da yawa, tana tsayar da ni tana gyara mini yadda mutane ke magana.